Tumfafiyar da Hajja Batul Ta Zaɓa

Ranar da Raniya ta zo neman tuktuk ɗina, keken nan mai ƙafa uku, na ɗauka addu'ata ce ta karɓu. Na daɗe ina shan shayinta a bakin kasuwar dawa, har cikina ya fara ƙugi kamar jarka, ita kuwa ko sunana ba ta kira, sai dai kiran da Larabawan Sudan ke yi wa kowane mutum, "ya zol, matsa, ka tare mini iska." Sai ga ta da ƙafarta a gaban sandunana, wai tana son in kai su wani wuri a hanyar Fao, ita da mahaifiyarta.

Na ce mata in har da mahaifiya za a je to magana ta girma, ta bari in wanke jallabiya in taho da kawuna. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wani abu a kan benci, nannaɗe cikin buhun sukari. Na buɗe. Farantin ƙarfe ne baƙi mai doguwar ƙafa ɗaya, an rubuta masa da farin fenti: Usumanu, da sunan ubansa, da watan da ya rasu. Irin wanda ake kafawa a kan kabari. Na mayar da buhun na rufe, na rufe bakina ma, abin da ba kasafai ake gani ba.

Ni Mudi ne, haifaffen Gadarif, jikan mutanen da suka taho da ƙafa za su Makka, suka tsaya shan ruwa a nan, har yau ba su gama sha ba. Sana'ata sandar rufi. Lokacin da yaƙi ya tashi mutanen Khartum suka kwararo mana, na Madani suka biyo bayansu, kowace makaranta ta cika, kowane tsakar gida ya cika, kowa na neman abin da zai kafa rakuba, wato rumfa, ya sa kansa a inuwa. Itacen kirki ya yi tsada har ya daina gaisuwa. Ni kuwa sai na tuna da rumfar awakin babana, wadda ya rufa da tumfafiya tun ina rarrafe. Gara ta cinye ƙofa, ta cinye turaku, da ta zo kan tumfafiya ta ce ta ƙoshi.

Tumfafiya dai kun san ta, Larabawa ushar suke ce mata. Ganye faffaɗa kamar an barbaɗa masa toka, fure fari mai bakin shunayya, ɗa kamar mangwaro, amma in ka matsa ba komai ciki sai iska da auduga. Rani ya ƙone duniya, ita tana nan kore shar kamar ba da ita ake ba. Kuma ba ta son ƙasar kirki. Inda aka tone, inda shanu suka tattake, gefen kwalta, bayan kango, nan ne gidanta. Abin tsoro a jikinta nono ne. Ka karya ganye ɗaya ya tsattsafo fari, in ya shiga ido ka yi ban kwana da rana. Shi ya sa nake sara da tabaran mai walda, yara suna bina suna cewa ga matuƙin jirgi.

In ka sare ta ka bari ta tsane, ka ɓare ɓawon nan mai tsage-tsage, sai ta fito fara tas, ba nauyi, kamar daga kanti. Amma ka ce wa ɗan Khartum ya kwana a ƙarƙashin ushar, abin da ya saba gani a juji bayan gidansu? Sai na raɗa mata suna, ɗan Fao. Itace ne na wajen Fao, gara ba ta cinsa. Duk gaskiya ne, sunan ne kawai na yi wa aski.

Hajja Batul, uwar Raniya, tana cikin waɗanda suka fara saya, kuma ban taɓa haɗuwa da mai ciniki irinta ba. Ta wargaza mini tari guda tana ɗaga kowace sanda tana ƙwanƙwasawa da zobe, sirara ta jefar gefe. Ta ce ita ba akurkin kaji za ta gina ba, in kawo mata manya. Na nemo mata, wasu na saro da hannuna, wasu na karɓa wurin masu keken jaki, har da wata mai kaurin cinyar ɗan kokawa wadda ta zama ƙashin bayan rakubarta.

To yanzu hanya ta buɗe, mutane na komawa, kullum bas na tashi da katifu a ka. Su Hajja sun sami wuri a bas na ƙarshen mako. Abin da ya rage musu a ƙasar Gadarif shi ne wannan ƙarfe. Ɗanta Muhammad, da ke Masar tun kafin yaƙi, shi ya sa aka yi shi. Raniya ta ce duk wayar da zai yi tambayarsa ɗaya ce, a ina Baba yake, in ya dawo ina zai je ya tsaya.

Muka fita da safe. Na shimfiɗa musu katifa a bayan tuktuk, Hajja ta zauna da ƙarfen a cinya. A layin shingen bincike na kashe inji, a nan ta ba ni labarin, ba don na tambaya ba.

Mijinta Usumanu tela ne, mai ciwon suga. Sun bar Khartum zuwa Madani, maganinsa ya ƙare a can, sai Madani ma ta tashi. A saman lori ya cika, tsakanin ƙullin kaya da gwiwoyin mutane, bayan an wuce Fao. Direba ya yarda ya tsaya amma ya ce a yi sauri. Maza suka sauka da shebur ɗin lorin, mata suka zauna a sama yadda aka saba, mace ba ta bin gawa. Wurin kusa da wani rami ne da masu kwalta suka haƙa, kuma itace biyu ne kawai a filin, ɗalha ɗaya da tumfafiya ɗaya, ƙatuwa, mai reshe uku tun daga gindi, ta fi mutum tsawo nesa. Mazan suka nufi ɗalhar saboda inuwa. Sai Hajja ta miƙe tsaye a saman lori ta ɗaga murya.

"Ɗalha ai gawayi ne a tsaye," in ji ta. "Kafin a yi arba'in wani ya sare shi ya kai wa mata su yi turare. Na ce ku kai shi gindin ushar ɗin can. Ba inuwa, ba ɗan ci, nononta dafi. Wa zai sare ushar, ɗana? Ko mahaukaci ba zai ɓata gatarinsa ba."

Na ce wallahi Hajja kin yi dabara. Me kuke so in ce? Gatarina yana ƙarƙashin katifar da take zaune a kai.

Ta ce bayan sun tashi ba a jima ba suka wuce mararrabar Gadambaliya, don haka wurin ba zai ɓata mata ba. Ni kuma wannan hanya na san ta kamar yunwar cikina. Na san ramukan, na san abin da ya tsaya a bakinsu da, na san inda ya tafi. Amma ina tuƙi ina lallashin kaina. Hanya doguwa ce, masu sara ragwaye ne, ƙila tata ta yi nisa da kwalta ba wanda ya kai. Har na juya na ce wa Raniya in ta koma Khartum kasuwar shayi za ta mutu a Gadarif, ni zan fara rasuwa. Ta ce in kalli gabana.

Da muka wuce mararrabar na rage gudu. Ga rami a gefen kwalta, busasshe, ƙasansa ya tsage kamar diddigen manomi. Ga tumfafiya a kewaye da shi. Ba ɗaya ba. Tun daga bakin kwalta har inda karan dawar gonakin mashru'u, manyan gonakin attajirai, ya fara, tumfafiya ce jere da juna, duk tsawon ƙirji, duk da fure, kamar 'yan makaranta ranar taro. Babba ko ɗaya babu. Ɗalha kuwa ko kututturensa.

Hajja ta leƙa ta ce ba nan ba ne, mu ƙara gaba. Muka ƙara. Wani ramin, irin na farko sak, da nasa taron. Ta ce ba nan ba. Masu kwalta dai ba su haƙa rami don a gane shi ba, ƙasa suke so, sun ɗiba sun wuce, sun sake ɗiba. A rami na gaba ta ce in tsaya, wannan ya yi kama. Muryarta ta ragu.

Can gefe na hango keken jaki, kuma na gane jakin tun kafin in gane mai shi. Sale ne, tsohon mai sara, wanda nonon tumfafiya ya farar masa da ido ɗaya tun shekarar da muka fara saranta. Yana zaune a kan tarin ganye yana ɓare sanduna. Na yi niyyar juya tuktuk, ya riga ya ɗaga adda yana kirana.

Ya ce a'a, Mudi ɗan Fao da kansa, yau da baƙi aka zo saye daga tushe? Na shiga ƙifta masa ido, ina ɗaga gira, ina girgiza kai. Ya ce subhanallahi, nono ne ya shiga, in zo ya zuba mini ruwa. Sannan ya ci gaba, da murya kamar mai kiran sallah, wai in manya nake nema in haƙura, manya sun ƙare tun ranin farko, ni da sauran masu sara muka kwashe su kaf daga nan har kusa da Fao, shi 'yan jikoki kawai aka bar masa.

Hajja ta sauka. Ta tafi wurinsa a hankali tana riƙe da bakin tobinta, dogon mayafin matan Sudan, kar ya kama kara. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi gida da rana. Ta sunkuya ta ɗauki sanda ɗaya ɓararra, fara tas, ta ƙwanƙwasa da zobe. Ta kalli ɓawon da ke ƙafarsa, ta kalli ganyen.

"Baba, wannan itacen mene ne?"

"Tumfafiya mana, Hajja. Ushar."

"Ɗan Fao fa?"

Sale ya yi dariya har jakinsa ya waiwayo. Ya ce ai wannan shaiɗanin ne ya raɗa mata, don mutanen birni su saya. Ya nuna ni da adda. Sai ya ga ba wanda ke taya shi, ya kalli buhun da ke hannun Raniya, ƙafar ƙarfen ta leƙo, dariyar ta koma ciki.

Na jira zagi. Wallahi na shirya masa, na ma fi son shi, don zagi na san yadda ake amsa shi. Hajja ba ta ko kalle ni ba. Sandar take juyawa a hannunta.

"Ni na ce ka kawo manya," in ji ta.

Na fara cewa Hajja ai ba lallai ba ne, hanyar nan tsawo gare ta, kuma masu sara sun fi ƙuda yawa. Ta ajiye sandar a inda ta ɗauke ta, ta ce mu nemi kututture.

Muka shiga cikinsu. Abin da ya sa neman ya zama wahala shi ne tumfafiya ba ta san mutuwa ba. Saiwarta can ƙasa take, inda ruwa ya ɓuya. Ka sare ɗaya, gindin ya fito da biyar, ya rufe kansa da ganye. Ga kuma audugar nan, ɗa ɗaya ya fashe iska ta shuka maka fili guda, kuma inda aka taɓa tone ƙasa nan iri ya fi kamawa. Tudun kabari kuwa kar ma a yi maganarsa. Baƙar lakar Gadarif in ta sha ruwan damina kumbura take, in ta bushe ta tsage, abin da ka tara ta baje shi, abin da ka haƙa ta cike shi. Sale ya ce kuma masu diski, garmar tarakta, bara sun nome har bakin ramin, saboda dawa ta yi daraja. 

Ni na fi kowa zafi. Na sa tabaran walda, ina ture rassa da sanda, ina rarrafe, farin nan masu ado da ba a ci suna tsalle a fuskata. Can kuwa sai ga shi, kututture mai kauri, ya rabu uku tun daga gindi, saran ya yi baƙi, sababbin rassa sun kewaye shi. Na miƙe ina kira. Na ce ga ta, wallahi ga ta, reshe uku, ga rami, ga kwalta, me ya rage?

Raniya ta iso da gudu. Ta durƙusa a gindin, ta kama wani reshe ta tsinko furen, ban san me za ta yi da shi ba, ita ma ban ce ta sani ba. Nono ya gangaro mata a yatsu har wuyan hannu. Kuka ya zo mata a lokacin, ta ɗaga hannu za ta share.

"Kar ki taɓa ido," na ce. "Raniya, sauke hannun."

Ta tsaya da hannuwa biyu a buɗe nesa da jikinta, kamar mai jiran lalle ya bushe, hawaye na bin haɓarta suna ɗiga a ƙasa, ba halin sharewa. Na ruga na ɗauko jarka ina zuba mata. Shekara da shekaru ina neman dalilin da zai sa in tsaya kusa da ita haka, ga dalilin da na samu.

Hajja ba ta zo gindin ba. Ta koma kwalta, ta ce Sale ya riƙe mata hannu, ta hau bayan tuktuk ta tsaya tsaye a kan katifa. Daga sama ta ga wurin ranar, daga sama take son ta sake gani. Ta daɗe tana kallo, tafin hannu a goshi. Manyan motoci na wucewa, iskarsu na kaɗa tobinta. Ta ce lori ya fi wannan tsawo. Ta ce kamar ramin yana hagu da itacen, kamar kuma yana bayansa. Ta sauko.

Ta shiga cikin tumfafiyar ita kaɗai, ta wani gefen. Ba a jima ba ta kira mu. Wani kututturen ne, mai kauri, reshe uku. Sale ya sunkuyar da kai ya ce akwai wani ma can wajen karan dawa, tsohuwar tumfafiya ai yawanci haka take rabuwa. Na san haka. Na sani tun lokacin da nake ihun ga ta.

Raniya ta ce, "Inna, mu kafa a ɗaya. Allah ya san inda yake."

"Allah ai ba ya bukatar ƙarfe," in ji Hajja. "Don Muhammad aka rubuta. Ba zan kawo shi daga Masar in tsayar da shi yana yi wa kututture addu'a ba."

Na ce to a kafa a bakin ramin, tsakiya, kowa ya samu. Ta kalle ni a karon farko tun da Sale ya yi magana. Ta ce, "Ɗana, wannan ba ciniki ba ne da za a raba bambanci." 

Muka tsaya a gefen kwalta mu huɗu, muka ɗaga hannu muka yi Fatiha muna fuskantar filin gaba ɗaya, da ramin, da karan dawar wani attajiri da ba mu sani ba. Sale ya ƙara da addu'a doguwa. Da muka shafa, Raniya ta tuna ta tsayar da hannunta kafin ya kai fuska. Hajja ta mayar da ƙarfen cikin buhu. Muka juyo Gadarif.

Ranar tafiyarsu Hajja ta aiko a kira ni, na je da hantsi. Masu komawa kan sayar mini da sandunansu, na ɗauka abin da ya sa ta aiko ke nan. Na tarar ta riga ta kwance rakubar da hannunta, ta tara sandunan a ƙofar gida. Ta ce in kwashe, ba ta son komai a kansu. Ɗaya kawai ta ware, mai kaurin nan, ta jingine ta da akwati.

Ta tambaye ni wannan daga ina ta fito. Na buɗe baki, ƙarya uku suka yi layi, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau. Na ce mata ban sani ba, daga hanyar nan dai, ko ni na sare ko wani ya kawo mini, ba zan iya rantsewa ba. Ta gyaɗa kai kamar abin da take jira ke nan.

Na kai su tasha. Yaron bas ya so ya yi gardama a kan sandar, da ya ɗaga ya ji ba nauyi sai ya yi dariya, ya ce Hajja wannan ai ko wuta ba za ta riƙe ba, me za ki yi da ita a Khartum. Ta ce ya ɗaure ta da kyau. Ya cusa ta tsakanin katifu.

Buhun sukarin kuwa ni ta miƙo wa. Ta ce ni ne mai zuwa can. Masu diski sukan tono abu, makiyaya sukan ga abu, in riƙa tambaya. In an samu in kafa, in ba a samu ba kar in kuskura in kafa shi a kan zato. Na ce to, Hajja. Raniya ta hau ba ta waiwayo ba. Da bas ya fara motsi ta leƙo ta taga, na matso da sauri, zuciyata har ta fara shiri. Ta ce, "Ya zol, matsa, za a take ka."

Kasuwar sanda ta mutu yanzu, kowa sayarwa yake, ba mai saye. Ina ɗaukar buhunan riɗi da gawayi, wani lokacin har hanyar Fao. Tumfafiyoyin sun huta da mu, sun wuce kaina, duk tare suke girma, nan gaba kaɗan kowane rami zai sami ƙatuwa mai reshe uku, ba ɗaya ba. Na tambayi direbobin tarakta biyu da wani makiyayi, suka kalle ni kamar na sha wani abu.

Ƙarfen yana ƙarƙashin kujerata. Duk ramin da na faɗa sai ya buga. Masu kaya sukan ce Mudi, wani abu ya kwance a tuktuk ɗinka, ka kai wa makanike. Nakan ce musu na sani, ƙusa ce.